Hoton Dutsen Raƙumi

Garwa, 4 ga Yuni, 1985

Zuwa ga ƙanena Dawuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya ibada, ya zafin Maruwa? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Maigidana Hassan yana gaishe ka, yara ma haka. Ɗinkin Sallah ya sha mini kai, ko wuyana ba na iya juyawa.

Ka san ni, ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Idon Baba ne. Sau biyu muna kai shi lopital, babban asibitin nan. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce take mutuwa, kuma ba ta dawowa. Ya ce ƙila ganin ya kai kaka, ƙila kada ya kai. A ɗaki sai na yi magana yake sanin ni ce, amma idan ya fito rana yana ɗan gani.

Ɗanmalam direba, wanda zai kawo maka wannan takarda, shi ya gaya mana wai bayan Sallah za ka hau babur ka zaga duwatsun Mandara kana ɗaukar hotunan da ake sayar wa Turawa. Na zaci Baba zai ja tsakin da ya saba. Bai ja ba. Bayan la'asar ya kira ni ya ce, "Lauratu, rubuta wa yaron nan. Ki ce ya ɗauko mini Dutsen Raƙumi."

Na san abin da za ka ce. Mutumin da ya fasa maka kyamararka ta fari a tsakar gida, ya ce ɗan bafatake ba ya ƙarewa a satar fuskokin mutane, shekara tara ba ku haɗa ido ba, yau shi ne mai neman hoto. Faɗi, ni ma na faɗa a raina. Amma ka san a gindin dutsen nan Inna Yelwa take kwance. Can ta haife ka a hanyarsu ta dawowa daga Mubi da jakuna, can ta cika. Shekara talatin ke nan bai koma ba, kuma so yake ya ga wurin kafin duhu ya rufe shi.

Ga kwatancensa. Dutsen kamar raƙumi ne ya durƙusa: ƙaramin kai, sai wuya ya lotsa, sai babban tozo, sai doguwar gangara. A ƙarshen gangarar akwai tsamiya da rijiya. Ya ce yana can wajen ƙasar Kapsiki. Ni shekarata shida a lokacin, abin da na riƙe kawai kukan jakuna da naka.

Don Allah kada ka yi mini halin naka na ajiye wasiƙa a ƙarƙashin katifa.

Yayarka,
Lauratu


Maruwa, 12 ga Yuli, 1985

Yaya Lauratu,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah, ko da ta yi nisa. Ina lafiya, sai ciwon baya da babur ya bar mini. Ki gaida Hassan da yara. Allah ya ba Baba sauƙi.

Wasiƙarki ba ta shiga ƙarƙashin katifa ba. Fim mai launi ba a wanke shi a nan, sai an aika Duwala, kusan mako biyu kafin ya dawo. Wannan sana'a haka take, ka ɗauki abu yau, ba za ka san me ka ɗauka ba sai ka manta da shi.

"Yaron nan" ya ce, ko? Har yanzu sunan nawa yana yi masa nauyi a baki. Ba komai.

Kwana tara na yi a hanya. Daga Mokolo na karya kudu, hanyar jar ƙasa ce, inda ruwa ya ci ta sai na sauka na tura babur. Yaya, da kin ga ƙasar nan bayan ruwan fari, da kin daina yi mini gorin yawo. Mutanen dutse sun jera duwatsu hawa-hawa daga gindi har sama, kowane hawa da 'yar gonarsa, dawa ta fara tsirowa kore shar. Kusa da Rumsiki kuwa sai ki ga tsinin dutse ya miƙe shi kaɗai daga cikin kwari, babu abokin tsayi. Da asuba nake fita in kafa kyamara in jira rana ta taɓa kansa, don hasken safe ba ya wuce shan shayi ɗaya. Ba na sa mutum a ciki. Mutane sun ishe ni a shago, kullum hoton katin ɗan ƙasa, ɗago kai, fito da kunne, kada ka yi murmushi.

Raƙumi dai ban gan shi sak ba. Amma kwatancen tsoho ne na abin da ya gani shekara talatin, cikin tashin hankali kuma. Ga hotuna goma sha biyu, duk wani dutse mai suna a yankin yana ciki. Ki nuna masa ya zaɓi nasa.

Ƙanenki,
Dawuda


Garwa, 19 ga Yuli, 1985

Dawuda,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Binuwai ta fara cika. Idon Baba na hagu ya tafi gaba ɗaya ranar Talata, saura na dama.

Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida da hantsi, na ba shi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Yana kai kowanne har kan hancinsa, ya karkata kai, ya daɗe. Ya ce ƙanana ne, launukan kuma suna cakuɗe masa. Da ya gama ya tattara su ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Masu kyau ne. Ba shi ba ne." Ranar bai ci abincin rana ba.

Yanzu ni da kai. Na juya bayan hotunan na ga lambobin da ka rubuta da fensir da sunan kantin da kake kai wa. Wato abin da ka ɗauka don Turawa ka tsakuro mana, ka ce tsoho ya zaɓa kamar mai zaɓen atamfa. Ka cika mini takarda da hasken safe da dawa kore shar, amma ko mutum ɗaya ba ka ce ka tambaya ina tsamiya da rijiya suke ba. Raina ya ɓaci, Dawuda, ba zan ɓoye maka ba. Idan fushin kyamara ne, ka bari sai ya warke ka yi da shi. To ba zai warke ba.

Lauratu


Rumsiki, 30 ga Yuli, 1985

Yaya Lauratu,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, sai gwiwa da na ƙuje. Labarin idon Baba ya taɓa ni fiye da yadda kike zato.

Maganarki gaskiya ce, kuma ta yi mini zafi. Na rufe shago na dawo. Kwana takwas ke nan ina bin duk hanyar da babur zai iya bi, da wadda ba zai iya ba. Shekaranjiya ruwa ya kwashe ni a wani mayo, irin rafin nan na damina, ni gefe babur gefe, Allah ya sa kyamara tana wuyana. Na tambaya a kasuwanni uku, da Hausa, da Fillanci, da Faransanci. Babu wanda ya taɓa jin Dutsen Raƙumi. Wani malamin lakwal, mai koyar da boko, ya yi mini dariya, ya ce mutanen nan me ya haɗa su da raƙumi da za su ba dutsensu sunansa? Sai na gane fatake ne suka raɗa sunan a tsakaninsu, fataken kuwa sun ƙare.

Ga kuma masu kaki a kowace mararraba. Tun yunƙurin juyin mulkin da aka yi a Yawunde bara, ɗan arewa da kyamara abin kallo ne, balle ga iyakar Najeriya a rufe nan kusa. Kullum sai na buɗe jaka na yi bayani.

Zan faɗi wani abu, ki karanta har ƙarshe kafin ki yi faɗa. Hoto na bakwai yana da ɗan kai da ɗan tozo. Ki sake nuna masa. Ki ce na bincika, shi ne, ruwan shekara talatin da aikin hanya suka sauya shi, tsamiyar kuma an sare. Da ido ɗaya mai rabin gani ba zai musa ba. Hankalinsa zai kwanta, ai shi muke nema. Na gaji, Yaya, kuma ina tsoron idon ya rufe ina nan ina zagaye.

Dawuda


Garwa, 5 ga Agusta, 1985

Dawuda,

Muna lafiya. Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka ce, kuma faɗan yana nan.

In ɗora wa mahaifina dutsen wasu a hannu, ya zauna yana yi wa matarsa addu'a a kai, ni ina tsaye ina kallo? Ido ne ya mutu, ba hankali ba. Kuma uwarka ce, kai da ba ka taɓa ganin fuskarta ba, kai ya fi kamata ka so sanin inda take. Wallahi na ji kunyar takardar nan har na ƙi barin Hassan ya gani. Kada ka sake rubuto mini sai da dutsen.

Na sake tambayar Baba ko akwai abin da ya manta. Ya ce sun iso ne da la'asar, rana a ƙeyarsu, inuwar jakuna tana tafiya a gabansu, raƙumin ya yi ja kamar garwashi. Iyakar abin da ya ƙara ke nan. Ko zai yi maka amfani, ban sani ba.

Lauratu


Garwa, 30 ga Agusta, 1985

Ƙanena Dawuda,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka, ta kuma same ka lafiya. Ban san inda zan aika ta ba. Na ba Ɗanmalam, na ce ya tura ta ƙarƙashin ƙofar shago idan har yanzu a rufe yake.

Kwana ashirin da biyar babu kai babu labarinka. Ɗanmalam ya tambaya a tashar Mokolo, aka ce an ga baburinka jingine a bayan wani gida a Rumsiki, ciyawa ta fara fitowa a ƙarƙashinsa. Babbar Sallah ta zo ta wuce, na ajiye maka soyayyen nama har ya fara sauya ƙamshi. Ranar Sallar kuma rediyo ya ce sojoji sun sake juyin mulki a Najeriya, ga ka a bakin iyakarsu. Tun daga nan ko zare ba na iya zurawa a allura.

Na ce kada ka rubuto sai da dutsen. Baƙin ciki ne ya rubuta, ba ni ba. Kai ma da tsiya, duk maganar da na taɓa gaya maka a duniya ba ka bi ba sai wannan? Na janye. Ka rubuto ko layi ɗaya ne, ka dawo ko hannu wofi.

Baba yanzu hasken ƙofa kawai yake rarrabewa da bango. Sau biyu a rana yake tambaya ko motar Maruwa ta iso. Jiya ya ce mini, "Dutsen nan ya karɓi ɗaya, kada in zama na aika masa na biyu." Na fita na bar shi.

Yayarka,
Lauratu


Maruwa, 10 ga Satumba, 1985

Yaya Lauratu,

Wa alaikumus salam. Ina raye, ina lafiya, sai rama da ƙafa da ta kumbura. Na tarar da takardarki a ƙarƙashin ƙofa. Ba fushi na yi ba. Ki zauna in ba ki labari.

Layin ƙarshe na wasiƙar faɗanki shi ya yi aiki. Ranar kasuwar Rumsiki aka nuna mini wani tsoho mai sayar da taba, sunansa Malum, wanda ya yi wa fatake jagora yana saurayi. Na karanta masa maganar rana a ƙeya da inuwar jakuna. Ya dube ni ya dubi babur, ya ce da Fillanci, "Kai abin da aka gani da jaki kake nema da wannan?" Ashe hanyar mota daga baya aka yi ta, kuma ta gabas da duwatsun ta bi. Fatake ta yamma suke hawowa, daga cikin kwari. Yaya, hoto na uku cikin waɗanda na aiko, shi ne dutsen. Sau huɗu ina ɗaukarsa. Daga hanyar mota tsini ɗaya ne kamar taɓarya, bayansa nake ta kallo ban sani ba.

Yini ɗaya da rabi muka yi a ƙafa, tsohon yana gaba ina haki a baya. Da muka juyo a cikin kwarin da la'asar, sai ga raƙumi durƙushe, kai, wuya, tozo, gangara, yadda Baba ya faɗa ba ragi. Na zauna a ƙasa ina kallonsa.

Tsamiyar tana nan. Rijiyar ta rufta. Duk kewayen gonar dawa ce ta wata mata mai suna Marie. A tsakiyar dawar akwai wani ɗan fili, tsawon mutum, an kewaye shi da duwatsu, ba a shuka komai ba. A ƙasar da ake shuka ko a tsagar dutse! Na tambaye ta. Ta ce surukinta kafin ya rasu ya gaya musu baƙuwa ce kwance a nan, ba a sa mata fartanya. Ba su san sunanta ba. Na gaya mata. Na yi wa Inna addu'a, na yi kukan da ban san ina da shi ba.

Fim baƙi da fari na sa, don shi nake iya wankewa da kaina in faɗaɗa, kuma idon Baba zai fi kama shi. Kwana uku na jira gajimare ya buɗe da la'asar. A na ukun ya buɗe, girgije ya taru a bayan tozon, rana ta doki dutsen. Ban taɓa ɗaukar sararin sama irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake.

A hanyar dawowa masu kaki suka tare ni. Ba zan rubuta na wane ɓangare ba ne, wasiƙa tana bin hannuwa da yawa. Kwana goma sha tara ina tsare, can na yi Sallah, suna tambayata wa ya aiko ni ɗaukar iyaka. Na ce ubana, suka yi dariya. Fim shida na aikin Turawa suka zare a rana ina kallo, suka riƙe kyamarar. Ta biyu ke nan da na rasa ta dalilin Baba. Amma fim ɗin dutsen yana cikin burgamin Malum, na ba shi ne saboda ruwan sama, shi kuwa ko kallonsa ba su yi ba. Da suka sake ni na je na karɓo.

Ga hoton, na yi shi da faɗin faranti. Ki fito da shi rana tsaka. Da na kawo da kaina, sai dai ƙafa. Gaskiyar kuma ita ce tsoro nake ji ya ce ba shi ba ne a gabana.

Ƙanenki,
Dawuda


Garwa, 16 ga Satumba, 1985

Dawuda,

Alhamdu lillahi da ka fito. Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ka riƙa gasa ƙafar da ruwan zafi. Mu muna lafiya.

Hoton ya iso ranar Alhamis. Idon Baba ya rufe tun Asabar ɗin da ta gabace ta.

Duk da haka na fito da shi rana tsaka kamar yadda ka ce. Ya karɓa ya ɗaga, a juye ma ya riƙe bai sani ba. Ya shafa gaba, ya shafa baya, ya ce, "Lauratu, takarda kawai nake ji." Na fara kwatanta masa, ga kai, ga wuya. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Maganata kike mayar mini. Ko dutsen wasu ne haka za ki ce." Ka ga da mun yi abin da ka ce, da mun ji kunya. Na tsaya da hoton a hannu, kwana biyar kacal tsakaninmu da abin da ka sha wahala a kai. Ji na yi kamar in kurma ihu.

Yanzu zan gaya maka abin da na yi, ka yi haƙuri tun kafin ka ji. Na shiga ɗaki na manna hoton a kan kwali. Na ɗauko almakashin ɗinkina, na bi bakin dutsen a hankali kamar ina fitar da wuyan riga, na yanke sararin saman gaba ɗaya. Ina yanka ina tuna kwana ukunka.

Na ɗora masa a cinya, na kama ɗan yatsansa na sa a gefen hagu, na sake shi, ban ce uffan ba. Yatsan ya hau. Ya ce, "Kai." Ya gangara ya lotsa, ya ce, "Wuya." Ya sake hawa, ya daɗe a sama, bakinsa yana motsi. Sannan ya bi gangarar sannu sannu, kafin ya kai ƙarshe ya tsaya, ya sauko da yatsan cikin hoton kaɗan, ya danna. Ya ce, "Nan tsamiyar take." Na duba ƙarƙashin yatsan. Tsamiyar ce, Dawuda.

Ya tambaya ko an nome wurin. Na karanta masa maganar Marie da duwatsun da aka kewaye. Ya sa na maimaita. Hawaye yana bin gemunsa, ya yi wa Inna addu'a, ya yi wa matar nan da surukinta. Na karanta masa kwana goma sha tara da kyamarar ma, ban tsallake layin da ka ce ta biyu ke nan ba. Tun ranar kwalin yana aljihun rigarsa, bakin har ya fara laushi.

Girgijenka yana cikin akwatin keken ɗinkina, ban yar ba, kuma ba zan ba Ɗanmalam ba. Ka zo ka karɓa da kanka. Ba ni kaɗai na ce ba. Da safen nan ya kira ni ya ce, "Ki rubuta wa Dawuda ya zo." Haka ya faɗa, da sunan, na kuma sa shi ya sake faɗa wai ban ji ba.

Ɗanmalam ya ce ka tara ƙasumba kamar ɗan daji. Ka aske kafin ka taho, don da hannu zai duba ka.

Yayarka,
Lauratu